Wurin sasanta ma'aurata a Aboabo: yadda suka shiga tsakanina da maigidana da uwarsa

Mata da yawa sun tambaye ni, wasu a shagona wasu ta waya, ko wurin sasanta ma'auratan nan na unguwar Aboabo da ke Kumasi, a ƙasar Gana, yana da amfani, ko kuwa asarar kuɗi ce da tonon asiri. Yana da amfani, musamman ga macen da ke zaune gida ɗaya da uwar miji. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mace ta sani tun kafin ta yafa mayafi ta tafi, su nake so in rubuta a nan, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan kama sunan wurin ba, ko na masu aiki a ciki, don Zongo ƙarami ne, in na faɗi ɗaya an gane sauran, har da gidanmu. Wadda take Aboabo ko Asawase ko Sawaba, in ta tambayi magajiyar unguwarsu za ta nuna mata.

Ni ɗinki nake yi. Maigidana makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, daga sallar asuba in ya fita sai bayan isha'i. Ciki da falo muke haya a gidan da ke cike da 'yan haya, famfo ɗaya a tsakar gida, kowa na girki a bakin ƙofarsa. Bayan rasuwar surukina, Allah ya jiƙansa, Mma, mahaifiyar maigidana, ta taho daga garin Ejura ganin likita a asibitin Komfo Anokye, hawan jini da ciwon gwiwa. Aka ce ta riƙa komawa asibiti lokaci-lokaci, hanya kuma ta yi mata nisa, sai ta zauna. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da aka yanke. Na dai ga aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta tsaya a ƙofar gida da akwatinta da buhun kwanukanta da tsohon turminta, na gane zama ne ya zo.

A falo take kwana. Duk wanda ya san ciki da falo ya san abin da nake nufi, ba shiga ba fita sai an raɓa katifarta. Hirarmu da mijina ta koma raɗa, daga raɗa ta koma shiru. Kuɗin cefanen da a da yake ajiye mini a kan firiji ya fara miƙa wa Mma, ni kuma in je in durƙusa in karɓi na tumatir da na gawayi. Ga batun gishiri. Likita ya ce a rage mata gishiri da magi, na rage, ita kuwa ta ɗauka da gangan nake ba ta lami don ta gaji ta tafi. Sai ta bari na juya baya ta barbaɗa a tukunya. In na yi magana, amsar maigidana ɗaya ce: "Uwata ce, me kike so in yi?" Ya ɗauki buta ya fita. Abin ya kai har na haɗa kayana zan koma gidanmu a Tafo. Yayata ce ta tare ni, ta ce in fara zuwa wurin nan tukuna.

Wurin ɗaki biyu ne da baranda a ƙasan wani bene, pragya, keke mai ƙafa uku na haya, na sauke mutum a bakin layin. Mutum biyu ne ke riƙe da aikin. Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Malama, ta daɗe tana aiki a ma'aikatar jin daɗin jama'a kafin ta yi ritaya, sai wani malami mai karantar da fiƙihu a unguwar. Wata yarinya ce ke rubuta suna tana karɓar kuɗi. Ana biyan na buɗe fayil sau ɗaya, sannan kowane zama da nasa, a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma suna ba da rasit. Kuɗin bai fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a ba, a gabana ma an sassauta wa wata da ta ce ba ta da shi. Hausa ake yi, wanda ya fi sakewa da harshen Twi a yi masa Twi.

Zaman farko ni kaɗai ce da Malama. Ko zama ban gama yi ba ta jefo tambaya: "'Yata, yana dukanki? Yana hana ki abinci ko kuɗin magani? Akwai mai yi miki barazana a gidan?" Na ce babu. Ta ce ta tambaya ne don in akwai, ba sulhu za su fara yi ba, DOVVSU za ta raka ni, wato sashen 'yan sandan da ke kula da cin zarafi a cikin gida. Ta yi mini bayani cewa dokar da aka yi a 2007 ba ta tsaya kan duka kaɗai ba, ta haɗa da tsoratarwa da wulaƙanci da danne wa mutum abin da yake rayuwa da shi, kuma ta shafi duk wanda ake zaune da shi gida ɗaya, surukai ma suna ciki. Ta ƙara da cewa yadda dokar ta kare ni, haka ta kare tsohuwar. Wannan ya sa na yarda da ita tun a ranar, don na ga ba ɓangare ta ɗauka ba.

Na zo da ƙorafi cike da baki, amma ba ta bar ni na zazzage shi yadda na shirya ba. Ta ce, "Kada ki ce mini tana da mugun hali. Faɗa mini jiya da safe wa ya fara tashi, wa ya hura wuta, wa ya ba yara kuɗin makaranta, wa ya raba abinci." Haka muka bi yinin daga asuba har kwanciya, tana rubutawa a littafinta. Da muka gama ta juyo mini da littafin, ta ja layi ƙarƙashin wurare uku: kuɗi, tukunya, wurin kwana. Ta ce duk faɗan da na lissafa a nan yake tashi, kuma waɗannan ana iya taɓa su da hannu a gyara, halin mutumin da ya haura saba'in kuwa ba ita za ta canza shi ba.

Ba su aika wa maigidana takardar kira ba, na kuma yaba da haka, don da takarda ya gani da ya ɗauka ƙararsa na kai. Malam ne ya buga masa waya, suka haɗu bayan sallar Juma'a. Daga baya aka ce kowa ya zo da babba ɗaya daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Na zo da kawuna, shi ya zo da baffansa.

A wannan zaman ne na ji maganar da ban taɓa jin an faɗa wa namiji a gabana ba. Malam ya fara da haƙƙin iyaye, ya karanto ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce musu ko da "uf", maigidana yana ta gyaɗa kai. Sai ya ce, "To, wannan umarni kai aka yi wa. Hidimar mahaifiyarka a wuyanka take. Abin da matarka ke yi mata na wanki da girki da rakiya asibiti alheri ne, mai alheri kuwa gode masa ake yi." Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, asali mace tana da haƙƙin a ba ta mazaunin da ba ta haɗa da dangin miji ba, sai in da sharaɗin haka aka ɗaura auren ko wani dalili da malamai suka keɓe. Sannan ya juyo gare ni: "Ke kuma ba ki da ikon sa shi ya zaɓa tsakaninki da wadda ta haife shi. Kada ki sake ki kai shi wannan bango." Na karɓa, don gaskiya ce.

Maigidana ya yi shiru har na ɗauka yadda ya saba zai yi. Sai ya fara magana, kansa a ƙasa. Ashe shi kaɗai ke ɗauke da maganin Mma da abincinta. Ƙannensa biyu suna unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana, ɗaya yana Jamus, kowa ya ɗauka tunda shi ne babba kuma a gidansa take, an gama. Kunya ta hana shi tambayarsu. Kuɗin cefanen kuma yana miƙa mata ne don kada ta ji ta zama kaya a gidan ɗanta. Shekarunmu nawa tare, bai taɓa faɗa mini wannan ba, sai a gaban baffansa da kawuna.

Amma abin da ya sa nake cewa wurin nan ya cancanci kuɗinsa shi ne yadda suka bi da Mma. Ba su kira ta ofis ba. Malama ta ce ba a kiran tsohuwa a zaunar da ita kan benci kamar mai laifi, ita za ta je. Ta zo gidanmu bayan la'asar da ƙullin goro a ganye, ta tuɓe takalmi tun daga bakin baranda, ta durƙusa ta gaishe ta, ita ma fa da furfurarta. Ni ta ce in zauna bakin ƙofa da ɗinkina, kada in sa baki ko me na ji. Ba ta ɗauko maganarmu ba sam da farko. Ejura ta tambaya, da kasuwarta, da masara da doyar da ake lodi daga can, da ko Hajiya ta san wance da ke sayar da daddawa. Mma ta saki jiki. Ta ba da labarin koko da ƙosan da ta yi shekara da shekaru tana sayarwa a bakin tasha, da shi ta biya wa yaranta makaranta, da shi ta aurar da mata. Ta miƙo hannuwanta biyu ta juya su, duk tabon mai ne fari-fari har gwiwar hannu, ta ce, "Hannun nan bai taɓa zama haka ba. A gidana ni ke raba tuwo. Nan kuwa sai in zauna a zubo mini." Ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Wannan yaron ma ya daina zama mu yi hira, in ya shigo sai gaisuwa."

Da aka zo kan gishiri, ta ce ita ba wanda ya gaya mata komai, Amarya kawai ta gani tana ragewa. Kunnenta ya yi nauyi, ranar da likita ya yi bayani ba ta kama ba, ni aka bar wa saƙon, saƙo daga bakin matar ɗa kuwa a wannan lokacin ba zai shiga ba. Malama ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma wanke ni ba. Ta ce, "Hajiya, yarinyar nan tsoro take kada ta rasa mijinta, ke kina tsoron kada ki rasa ɗanki, shi kuma ya tsere Magazine ya bar ku da juna." Mma ta fasa goro ta miƙa mata rabi, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ina riƙe da allura na kasa zura zare. Tun zuwanta gidan ban taɓa jin an tambaye ta abin da ke damunta ba, ciwon gwiwa kawai ake tambaya.

Abin da aka daidaita a kai an rubuta shi a takarda, aka karanta wa kowa da Hausa. Kuɗin cefane ya dawo hannuna, ta MoMo yake turowa, Mma kuma yana ba ta nata na kashewa daban, a hannunta, ba ta hannuna ba. Miya in ta nuna ana ɗibar ta Mma a ƙaramar tukunya kafin a ƙara gishiri. Ranar asibiti shi zai kai ta da kansa, ya shiga wurin likita ya maimaita mata bayanin a kunne. Malama ta karɓi katin NHIS na Mma, wato na inshorar lafiya ta ƙasa, ta duba, ashe ya daina aiki tuntuni muna ta sayen maganin hawan jini da kuɗi. A nan take ta nuna wa maigidana yadda ake sabuntawa ta waya da *929#, ta kuma gaya masa wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa babban kuɗin shekara. Suyar ƙosai ta fi ƙarfin gwiwarta, sai aka sa mata jarin yaji da daddawa da kuka, tana ƙullawa tana sayarwa a bakin ƙofa, turminta ya samu aiki. Ranar Juma'a tukunyarta ce, tuwon zafi da miyar ayoyo, ba na taɓa ludayi, ita ke rabawa.

Batun ɗaki shi ya fi wuya. Baffa ya haɗa ƙannen a kiran WhatsApp, Malam ya yi musu nasiha, suka amince kowa ya riƙa turo nasa duk wata. Ana cikin haka wani ɗan haya ya tashi a gidanmu, ɗaki ɗaya ya fito, ƙofarsa tana kallon tamu. Mai gidan ya ce sai kuɗin shekara biyu, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa, kowa a Kumasi ya san yadda wannan doka take a takarda da yadda take a bakin masu gidaje. Malama ta taka ta same shi da kanta, aka tsaya a shekara ɗaya. Da aka gaya wa Mma sai ta fashe da kuka, wai korarta ake yi. Ranar na ce aikin duk ya rushe. Malama ta dawo ta zauna da ita, aka ce babbar 'yata za ta riƙa kwana wurinta, maigidana kuma in ya dawo ɗakinta zai fara shiga ya zauna kafin ya zo namu. Da haka ta yarda, ba da daɗin rai ba.

Wani abu da suka tambaya wanda bai shafi rigimarmu kai tsaye ba: ko an yi wa aurenmu rajista. Namu a masallaci aka ɗaura, aka raba goro da dabino, shi ke nan, kamar na yawancin mutanen Zongo. Malama ta ce dokar auren Musulmi da ake aiki da ita tun 1907 ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya da ɗaurin aure, da ango da waliyyi da shaidu biyu da limamin da ke da lasisi, in lokacin ya wuce sai an bi ta Babbar Kotu. Ta ce ranar da ake neman takardar ranar rabuwa ce ko ta gado, lokacin da ba mai natsuwar nemanta. Ta tura mu ofishin taimakon shari'a na gwamnati don a nuna mana hanya. Ina ganin duk mai aurar da 'ya ya kamata ya riƙe wannan.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Katako ne ya raba ɗakin zama da wurin jira. Ina zaune kan benci na ji rabin sirrin wata baiwar Allah, har da abin da ya shafi shimfiɗa, na kuma san haka aka ji nawa. Wurin da aikinsa rufin asiri ne bai kamata ya yi sakaci da wannan ba, ko rediyo ce a kunna a baranda. Barandar ma titi take kallo, duk mai wucewa ya ga wadda ke zaune, kafin ki koma gida labari ya riga ki. Akwai ɗakin ciki da ya fi sirri, amma sai kin roƙa.

Lokaci ma ba a riƙe shi. Malama tana zuwa da wuri, Malam kuwa ga ɗaurin aure ga suna ga jana'iza, sai a yi ta jira. Ni ina iya rufe shago, amma mai aikin hannu a Magazine in ya rasa yini ya rasa kuɗin yini, kuma namijin da dama da ƙyar aka shawo kansa ya zo, jira kaɗai ya isa ya sa ya fasa. Da suna zama da dare ko ranar Lahadi da maza sun fi zuwa. Takardar da ake cikewa da Turanci take, yarinyar ce ke karanta wa wadda ba ta iya ba, a gaban mutane.

Sai abin da ya fi tsaya mini a rai. Malam mutum ne mai ilimi da adalci a hukunci, amma in zai yi wa namiji gyara yakan lulluɓe shi da raha, in mace ce kai tsaye yake faɗa. Kuma kalmar haƙuri tana saurin fitowa daga bakinsa in mace ta fara kuka. Mun san haƙuri, da shi aka yaye mu, macen da ta tako har wurin nan ta riga ta yi shi ta gaji. Malama ce ke dawo da maganar kan hanya, ta ce, "Malam, a bar ta ta ƙarasa." Don haka shawarata kada mace ta yarda a yi zaman da Malama ba ta ciki. Bayan an rufe fayil kuma ba sa bibiya, in ba ke kika kira ba ba mai kiranki, alhali watannin farko ne aka fi buƙatar wanda zai leƙo.

Gidanmu bai zama aljanna ba. Sharaɗin da aka yi cewa in ina yi wa yaro faɗa Mma ba za ta sa baki ba, wannan bai yi ko mako ba, da na ɗaga murya sun ruga ɗakinta. Har yanzu takan kai ƙarata wurin maƙwabta, har yanzu maigidana yakan yi shirunsa in abu ya dame shi, sai na yi da gaske. Amma kayana suna cikin durowa, muna hira da dare da murya sosai, awon jinin Mma ya sauka, kuma ran nan da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta dama mini koko ta aiko jikarta da shi.

Wadda za ta je, ta nemi ɗakin ciki tun daga bakin ƙofa, ta kuma faɗa tun zaman farko cewa tana so a je a ji ta bakin uwar mijin a gida, don ba kullum suke yin haka ba sai an nema. In miji ya ƙi zuwa, Malama tana karɓar mace ita kaɗai, su san yadda za su bi da shi. Safiyar Talata ko Laraba ta fi sauƙin layi. Ranar Juma'a sai bayan la'asar suke buɗewa, da azumi kuma da safe kawai.